Hambali da Rijiyar Masu Lulluɓi

An haifi Hambali ɗan Barau a Maruta, a gidan da ba a san su da wata sana'ar rani ba sai haƙar rijiya. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar aka gane shi ba na shiga ba ne, na riƙe igiya ne. A wannan aiki akwai wanda ke ƙasa yana sara, akwai kuma wanda ke sama ya naɗa igiya a gungumen bakin rijiya, shi ke saukar da mutum, shi ke fito da kwandon ƙasa. Na ƙasa ƙarfi yake bukata. Na sama kuwa kunne. Daga yadda murya ta fito, Hambali kan faɗi gaba nawa aka yi, ya kuma ji bangon da zai zubo tun ƙasa ba ta fara zuba ba. Daga shekarar 1957 zuwa 1972 ya riƙe igiya a rijiya ashirin da uku, tsakanin ƙasar Gwaram da ta Birnin Kudu, ba a taɓa fito da gawa a hannunsa ba.

Giya ta same shi a 1964. Wani ɗan kwangila ne ya kwashe su zuwa Birnin Kudu su haƙa wa leburorin hanya rijiya, a bayan sansanin kuma akwai rumfar da ake dafa burkutu. Ciwon baya ya kai shi, aka ce masa ƙoƙo ɗaya yana sa barci. Shekara takwas yana sha yana ɓoyewa, kanumfari ba ya rabuwa da aljihunsa.

A bazarar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, suna aiki a wani ƙauye gabas da Maruta, ƙanensa Sada yana ƙasa a gaba bakwai, kwando cike da jar ƙasa ya kuɓuce daga hannun Hambali. A kafaɗa ya sami Sada. Ya rayu, amma hannun damansa bai sake ɗaga dagi ba.

Shugaban maginan rijiyar gidan shi ne Bappa, ƙanen mahaifinsu, dattijo mai ƙarancin magana. Ya kira Hambali zaure, ya ce masa: "Ba zan kai ka gaban alƙali ba, ba kuma zan kore ka daga gida ba. Amma igiya ka gama da ita. Ka ɗebi ƙasa ka zubar, shi ne aikinka."

Shekara guda Hambali yana zubar da ƙasa. Sai fari ya zo. Rijiyoyi suka ƙafe, ko'ina ana neman masu ƙara zurfi, wanda aka ba igiyar kuma ba shi da kunne. Sau biyu Hambali yana ji da kunnensa bango na shirin zubowa, yana tsaye can gefe da kwando a ka, sai dai ya yi ihu. Ranar ta biyun, bayan an fito da mutum da ƙyar, ya tari Bappa a hanya.

"Bappa, za a kashe wani."

"Na sani. Kai ma ka kusa."

"A mayar mini da igiya."

Bappa ya dubi hannuwansa, waɗanda ke rawa ko ba ya riƙe da komai. Ya ce, "Malamai sun ce mashayi kwana arba'in yake yi ba a karɓar sallarsa. Kawo mini arba'in ɗin nan a jere, ba ɗigo, sai mu yi magana."

Ya fara da rubutun sha, ya yi kwana shida. Ya yi rantsuwa, ya yi kwana tara, ya koma, ya kuma ƙara wa kansa nauyin kaffara. Daga nan ya hau mota zuwa asibitin Birnin Kudu, aka ba shi ƙwayoyi don rawar hannu. Yana zaune a baranda yana ƙoƙarin ɓare takardar maganin, wani dattijo mai shara ya tsaya kusa da shi yana share wurin da ba datti.

"Daga ina?"

"Maruta."

"To ai kusa da ku ne. Akwai wasu wajen garin Sara. Ba magani suke bayarwa ba, zama kawai suke yi, irinku ne duka. Wasu sun yi shekaru ba su taɓa ba."

"Su wa ke nan?"

"Ni ma ji na yi," in ji dattijon, ya ja tsintsiyarsa ya yi gaba.

Neman mutanen nan ya ci wa Hambali wata biyu. Wahalar ita ce, duk wanda ya san wurin mashayi ne, saboda haka tambayar kanta zagi ce. Ya tambayi wani mai gyaran keke a Sara, mutumin ya ɗaga famfon keke zai maka masa. Ya tambayi wani direba da suka taɓa zama rumfa ɗaya, direban ya ce shi bai ma san shi ba. Abin da kawai ya yi ta ji a kasuwa shi ne labarin da mata ke yi. A'i mai fura ta ba shi nata yayin da take dama masa: wai a kufan da ke arewa da gari, inda aka tashi tun zamanin annobar sanƙarau, akwai tsohuwar rijiya, kuma duk ranar kasuwa da tsakar rana makiyaya kan hango wasu a lulluɓe sun kewaye ta, sun zura kawunansu ciki suna gunaguni.

"Ba su da fuska," in ji ta. "Mijin ƙanwata ya gani. Shanunsa ma ƙin wucewa suka yi."

Hambali ya yi a'uziyya ya shanye furarsa. Bai kawo komai a ransa ba.

Wanzami ne ya warware masa. Ɗan'auta sunansa, wani ɗan siririn mutum mai furfura da ke aski a gindin ɗorawa ranar kasuwa. Ya jiƙa kan Hambali, ya dafa shi, ya sunkuyo kamar yana duba ƙeya.

"Malam, kanumfarin nan naka asarar taunawa kake yi. Ni ma na tauna shi shekara goma sha ɗaya."

Aska ta ci gaba da tafiya a kan Hambali.

"Na ji kana ta tambaye-tambaye kamar ɗan doka. Ka bari, kana tsorata mutane. Kasuwa mai zuwa ka zo da gwado. Bayan azahar ka bi hanyar kufai. Ka rufe kanka tun daga nesa. Kada ka yi wa kowa sallama. In ka durƙusa, ka rufe ido."

"Kufan aljanun?"

"Mu ne aljanun. Daina motsi, kada in yanke ka."

Ranar da ya fara zuwa, rana ta take, ko tsuntsu ba ya kuka. Ya ratsa tsakanin tsibin ƙasar da dā ɗakuna ne, ya hango su ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya: mutum bakwai, kowa ya lulluɓe tun daga ka, sun durƙusa a bakin rijiya kamar masu leƙen abin da ya faɗa. Duk da ya san mutane ne, sai da gashin jikinsa ya tashi. Ya sami gurbi tsakanin wasu ƙafafu biyu ya durƙusa, ya rufe ido kamar yadda aka ce masa.

Rijiyar busasshiya ce, yashi da ganye sun cike rabinta. Da jin tarin wani, Hambali ya san saura gaba shida. Tsarin zaman kuwa ga yadda yake. Ba a kallon kowa, ba a kiran suna, ba a ƙirga mutane. Mai magana yakan zura kansa ya yi wa rijiyar magana, murya ta sauka ta dawo a ninke, ta yi kauri, har ka ce ba ta mai ita ba ce. Ya faɗi kwana nawa ya yi, ya faɗi abin da ya dame shi. In ya gama, sauran su ce, "Mun ji." Wani lokaci wani ya ƙara da abin da shi ya yi ranar da irin wannan ta same shi. Waɗanda suka fara abin tun kafin yaƙin basasa sun lura cewa namiji ba zai dubi idon maƙwabcinsa ya ce ya sayar da akuyar matarsa ya sha ba, amma zai iya faɗa wa rami.

Gaskiya kowa ya san kowa. Mutum yana iya rufe fuska, ba ya rufe faso. Cikin zama uku Hambali ya gane tela, ya gane wani malamin makaranta, ya gane Maikuɗi mahauci da ƙatuwar muryarsa da barkwancinsa. Amma in sun haɗu a kasuwa, gaisuwar baƙi suke yi.

Ya yi kwana goma sha biyu ya faɗi. Ya zo ya gaya wa rijiya, aka ce masa an ji, muryar Ɗan'auta ta ƙara da cewa, "Gobe ɗaya ke nan." Akwai kuma ranar da ba ta kasuwa ba da abin ya taso masa har ya kasa zama, ya tako shi kaɗai tun daga Maruta da hantsi, ya durƙusa ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya waiga gabas da yamma kafin ya fara. Ba kowa a kufan.

Ranar da ya cika kwana talatin da ɗaya ta faɗo ranar kasuwa. Suka taru yadda suka saba. Tela ya yi magana, malamin makaranta ya yi. Sai muryar Maikuɗi, a hankali, ba barkwanci.

"Jiya na sha. Kwana ɗari da huɗu na zubar. Surukina ne ya zo, ya ce a gaban yarana har yanzu ina wari. Na ce to bari in yi warin da dalili."

"Mun ji," in ji sauran.

Hambali bai ce ya ji ba. Wani abu ne ya tsaya masa a kunne. Duk muryar da aka jefa daga sama sau biyu take zuwa, ta bakin mai ita da wadda ta dawo. Wannan sau ɗaya ta zo. Kuma iskarta ba daga gefensa ta fito ba, daga ƙarƙashin fuskarsa ta taso. Ya tuna maganar A'i, ya karanta abin da ya sawwaƙa a zuci. Na kusa da shi har ya gyara murya zai karɓi magana.

Hambali ya buɗe ido, ya yaye gwadon, ya ƙirga. Mutum shida ne da shi. Babu ƙaton jikin mahauci a cikinsu.

"Maikuɗi," ya kira cikin ramin. "Tun yaushe kake ƙasa?"

Babu wanda ya motsa. Can sai muryar ta ce, "An hana kiran suna."

"Na kira. Tun yaushe?"

"Tun da sassafe. Na zo in yi wa rijiya magana kafin ku zo, ƙafa ta zame. Ta hagun ta karye, ina jin ƙashin."

"Ka ji mun zo, ka kasa cewa a fitar da kai?"

"Sai ku gan ni haka?"

Ɗaya bayan ɗaya gwaduna suka sauka. Mutanen da suka yi shekaru suna jin asirin juna suka tsaya fuska da fuska da rana tsaka, kowa na neman inda zai sa idonsa. Malamin makaranta ya ce a kira mutanen gari. Tela ya ce in aka kira gari, gobe kowa ya san su wane ne aljanun kufai. Hambali ya ce ba a bukatar gari, igiya ake bukata, ta rama sabuwa, gaba goma sha biyar. Ɗan'auta ya hau kekensa ya nufi kasuwa.

Kafin ya dawo, Hambali ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar yana jan Maikuɗi da hira don kada ya suma. Sauran sun koma inuwa, kowa ya ba wani baya.

"Hambali," in ji Maikuɗi, da murya ƙasa-ƙasa. "Maganganun nan da muke zubawa, duk suna nan. Ba inda suka je."

"Zafin karaya ne. Yi salati."

"Tun safe nake jin su. Har da na Sabo mai tabarma, da ya rasu bara. Har da taka."

"Ai kana nan nake yin tawa."

"Ban da wannan. Ka ce ba kuɓuce maka kwandon ya yi ba. Ka ce barci ne ya ɗauke ka a tsaye, kuma da ka farka ka ji kukan Sada, abin da ya fara zo maka shi ne ko akwai saura a gorarka."

Kalma da kalma haka Hambali ya faɗa, ranar da ya zo shi kaɗai. Daga baya ya sha juya abin a ransa: wataƙila mahaucin yana kwance a bayan wani tsibi ranar, wataƙila shi da kansa ya taɓa faɗa a rumfa cikin maye ya manta. Bai taɓa tambaya ba. A lokacin dai cewa ya yi, "Na ji. Kada ka motsa ƙafar."

Ɗan'auta ya dawo da igiya. Hambali ya bi ta taƙi-taƙi da yatsa, ya gwada gungumen bakin rijiyar ya ga gara ta cinye shi, sai ya naɗa igiyar a gindin tsamiya, ya zagayo da ita ƙugunsa. Wanzamin ne mafi rashin nauyi, shi zai shiga. Yana ɗaura igiya a ƙirji ya dubi hannun Hambali, wanda ke kaɗawa kamar ganye.

"Kwana nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Da ka ce mini uku ma haka zan shiga, ba wani. In ka sake ni, ka biya wa matata askata."

Da nauyin mutum ya hau igiyar, rawar ta tsaya. Hambali ya saukar da shi a hankali, yana sauraron yadda ƙafarsa ke taɓa bango, yana gaya masa inda zai kauce, don a gaba huɗu ta yamma ƙasar ta yi taushi. Ɗan'auta ya ɗaure karayar da kara biyu da rawaninsa, ya ɗaura wa Maikuɗi igiya a ƙarƙashin hammata. Fito da mahaucin ne aiki. Mutum huɗu suka jeru a bayan Hambali, ba wanda ya taɓa jan igiyar rijiya, suna ja ba tare ba. Dole ya riƙa kiran kowa da sunansa, wane ja, wane tsaya, wane ka taka igiya. Sau ɗaya tela ya saki, igiyar ta zarce ta cikin tafin Hambali kamu biyu kafin ya danne ta da ƙugu. Bai saki ba. Kafin la'asar sakaliya duka biyun suna sama. Aka ɗora Maikuɗi a keke aka tura shi gidan maɗori, aka ce daga kan tsamiya ya faɗo.

Washegari a wurin aiki Hambali ya kasa ɗaukar kwando, tafukansa sun saɓule. Bappa ya kamo hannun ya juya shi. Maginin rijiya ba ya bukatar a gaya masa abin da ke yin irin wannan ciwo.

"Igiyar wa ka riƙe?"

"Ba zan iya faɗa ba, Bappa."

"A wace rijiya?"

"Ita ma."

Bappa ya daɗe yana kallonsa. "Ya fito?"

"Sun fito, su biyu."

"Kwana nawa yanzu?"

"Talatin da biyu."

"Saura takwas. Hannun ma ya warke."

Kasuwar da ta biyo baya mutum uku ne suka zo kufai. Malamin makaranta bai sake zuwa ba har aka yi masa canjin wurin aiki, ya ce ba zai iya yin magana a gaban wanda ya kira sunansa ba. Tela ya dawo bayan wata biyu. Ɗan'auta ya ce rijiyar ta isa haka, suka mayar da zaman zauren gidansa, kowa ya juya ya fuskanci bango. Maikuɗi da ɗingishinsa shi ne mai fara zuwa.

Ranar arba'in da ɗaya suna ƙara wa wata rijiya zurfi a Gwaram, gaba goma sha biyu. A gidan su Hambali, mai shiga ne ke zaɓar wanda zai riƙe masa, kuma da Bappa ya tambaya, samarin duka suka sunkuyar da kai. Sada yana zaune a gefe, hannunsa a cikin riga. Sai Bappa, mai shekara sittin da ɗoriya, wanda rabonsa da shiga rijiya shekara tara, ya tuɓe rigarsa ya ninke, ya ɗaura igiya a ƙirji, ya miƙa wa Hambali ɗaya bakin.

"A hankali," ya ce. "Gwiwata ba ta son gaggawa."

Daga wannan rana zuwa 1981, lokacin da ciwon baya ya zaunar da shi, Hambali ya riƙe igiya a rijiya goma sha huɗu. Sau ɗaya ya koma wa giya, a 1976, na kwana uku, kuma shi da kansa ya ajiye igiyar ya ɗauki kwando har ya sake cika arba'in. Waɗanda suka yi aiki da shi a shekarun nan sun shaide shi da hali guda. A bakin rijiya ba ya faɗin komai sai maganar aiki, ja, saki, kauce. In wani ya zo masa da hira ko tambayar gida, sai ya ɗaga hannu ya dakatar da shi, ya jira a fito da na ƙasa, sannan ya ja mutumin su yi nisa kamar taku ashirin kafin ya ba shi amsa.